RUWAN RANDA DA WUTAR JIKI

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Ɗambatta ko ta Bici, zai yi ta tafiya bai ga daji ba. Gona na bin gona, gida na hangen gida, ga kuka da ɗorawa da gawo an bar su tsaye a tsakiyar gonaki. Kowane gida ya shiga, a Minjibir ko Makoɗa ko Kunci, abin da za a fara miƙo masa shi ne moɗar ruwa daga randa. In kuwa bazara ce, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40 a watan Afrilu, ba abin da baƙo zai fi godewa kamar ya ji ruwan nan da sanyi.

A 'yan shekarun nan wata magana ta shigo ƙauyuka ta wayar hannu da ta bakin masu zuwa birni. Waɗansu suna cewa wanda ya sha ruwan zafi da sassafe, kitsen jikinsa zai narke kamar man shanu a kasko. Waɗansu suna cewa ruwan sanyi shi ke daskarar da kitse a ciki har mutum ya yi teɓa. Waɗansu kuma sun juya maganar, sun ce ai ruwan ƙanƙara shi ke ramar da mutum, domin jiki yana shan wahala kafin ya ɗumama shi. Kowa yana faɗin tasa da ƙarfi, kamar ya shiga cikin mutum ya gano. Kafin a raba wannan gardama, sai an san abu biyu: abin da ke sa ruwan randa sanyi, da inda jikin mutum yake samun ɗuminsa.

Da yumɓu ake gina randa, sa'an nan a gasa ta. A jikinta akwai ƙofofi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwa yake tsattsafowa waje kaɗan kaɗan. Shi ya sa kullum bayan randa da danshi. In iska ta buso, sai danshin nan ya bushe ya bi iska. To, ruwa ba ya iya tashi ya bi iska sai ya sami zafi, zafin kuwa daga jikin randa da ruwan cikinta yake ɗebo shi. Da haka ruwan da ya rage yake yin sanyi. Jarkar roba ba ta da irin waɗannan ƙofofi, saboda haka ko ta kwana a inuwa ruwanta ba ya kama ƙafar na randa. Da damina kuma, lokacin da iska ta riga ta ƙoshi da laima, randa ba ta sanyaya ruwa kamar yadda take yi da rani.

Wani malami mai suna Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse, ya yi amfani da wannan hikima. Ya sa tukunya cikin wata tukunyar da ta fi ta girma, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27 a ciki. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Jikin mutum ma yana yin abin da randa take yi. Gumi shi ne danshinsa. In manomi yana huɗa da tsakar rana, gumi yana fitowa ta fatarsa, iska tana busar da shi, zafi yana fita. Amma akwai bambanci babba tsakanin mutum da randa. Ita randa ba ta da wuta a cikinta, shi kuwa mutum yana da ita.

In aka sa wa mai lafiya ma'aunin zafi a asibiti, za a ga digiri 37 ko kusa da haka. Haka yake da bazara, haka yake da hunturu, lokacin da yara ke kewaye wutar kara da asuba. Wannan ɗumi daga abinci yake fitowa. Tuwo da fura da wake da gyaɗa su ne itacen. Ciki da hanji suna narkar da su, jini yana kai su ko'ina a jiki, iskar da ake shaƙa kuwa ita ke hura su. A nan za a kira wannan aiki wutar jiki, ko da yake ba ta da harshe, ba ta da hayaƙi. Ba ta mutuwa ko mutum yana barci, domin zuciya tana bugawa, huhu yana aiki, ƙwaƙwalwa ma tana cin nata rabo.

Wani Bafaranshe mai suna Lavoisier, shi da abokin aikinsa Laplace, su suka fara auna wannan wuta a wajen shekarar 1783. Suka sa ɓeran Masar a cikin wani mazubi, suka kewaye mazubin da ƙanƙara. Ɗumin jikin dabbar ya riƙa narkar da ƙanƙarar, su kuma suna tara ruwan suna aunawa. Suka kuma auna iskar da take fitarwa, suka gwada da ta gawayi in yana ci. Sai suka ga ashe abin da ke faruwa a jikin mai rai ɗan'uwan abin da ke faruwa a murhu ne, sai dai shi a hankali yake ci.

Kamar yadda ake auna hatsi da mudu, haka ake auna zafi da kalori. Kalori ɗaya shi ne zafin da zai ƙara wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya. Babban mutum wanda ba ya aikin ƙarfi yana ƙona kalori wajen 2,000 zuwa 2,500 a yini da kwana. Manomi a tsakiyar damina yakan wuce 3,000. In abincin da mutum ya ci ya fi abin da ya ƙona, sai jiki ya ajiye ragowar, ta zama kitse. Kitse rumbun jiki ne. In kuma abin da ya ƙona ya fi abin da ya ci, sai jiki ya buɗe rumbun ya ɗiba, mutum ya rame.

To, yanzu sai a koma ga masu cewa ruwan sanyi yana ramarwa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin lalle jiki yana ɗumama duk ruwan da ya shiga ciki har ya kai digiri 37. Amma a yi lissafi a gani. A ce ruwan randa yana kan digiri 22. Daga 22 zuwa 37 akwai 15. Watau wanda ya sha lita ɗaya, jikinsa zai ba da kalori 15 kafin ruwan ya ɗumama. In ruwan ƙanƙara ne, wanda ke kan sifiri, kalori 37 ke nan, ba kuwa ruwan sha da ya fi wannan sanyi.

Nawa ne kalori 15? Ƙwayar gyaɗa ɗaya tana da kalori wajen 3. Ashe ƙwaya biyar ta biya lita guda ta ruwan randa, ƙwaya goma sha biyu ta biya ta ƙanƙara. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari, irin wanda mai shayi ke zubawa uku ko huɗu a kofi guda, yana da kalori 16. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kalori wajen 7,700. In aka raba 7,700 da 37, za a sami 208. Watau kafin mutum ya rage kilo ɗaya tak ta wannan hanya, sai ya shanye lita 208 ta ruwan ƙanƙara, fiye da cikin ganga guda, irin wadda waɗansu ke kira duro. In yana shan lita biyu kullum, sai ya yi kwana 104, da sharaɗin kada ya ƙara ko lomar tuwo ɗaya a kan abin da ya saba ci. In da ruwan randa ne, sai ya sha ganga biyu da rabi. Wanda ya ɗauki guga ya jawo wannan ruwa daga rijiya, ya kai shi gida a ka, shi ne zai rame tun kafin mai shan.

Masana ba su tsaya ga lissafin allo ba, sun gwada a jikin mutane. A shekarar 2003 waɗansu likitoci a Balin, babban birnin Jamus, suka ba mutum 14 rabin lita na ruwa, suka ce sun ga wutar jiki ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 na ɗan lokaci. Labarin ya bazu a duniya, har yau shi ake ta maimaitawa. A shekarar 2006 waɗansu masana a jami'ar Fribourg ta ƙasar Suwizalan suka sake gwajin. Da suka ba da ruwa mara sanyi, ba su ga wata ƙaruwa ba. Da suka ba da mai sanyi ƙwarai, na digiri 3, sai wutar ta ƙaru da kashi 4 da rabi cikin 100 na sa'a guda. Wannan bai fi ƙwayar gyaɗa ɗaya ba, bai ma kai abin da lissafi ya nuna ba. Dalili kuwa shi ne, jiki kullum yana da rarar zafi da yake zubarwa ta fata. In ruwan sanyi ya shigo, da wannan rarar yake ɗumama mafi yawansa, ba sai ya ƙara itace a murhu ba. Labarin farko ya fi daɗin ji, shi ya sa ya fi na biyu tafiya.

Masu cewa ruwan zafi yana narkar da kitse, su kasko ne ya ruɗe su. Sun ga mahauci ya sa kitsen rago a wuta ya zama mai, sai suka zaci cikin mutum ma haka yake. Amma ruwan da aka sha tumbi yake faɗawa, daga nan ya wuce hanji. Kitsen jiki kuwa ba a cikin tumbi yake ba. Yana ƙarƙashin fata da kewayen kayan ciki, a ƙunshe cikin 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, ruwan sha ba ya taɓa shi. Bayan haka, ruwan zafi ba ya daɗewa da zafinsa. Tun daga baki yake fara hucewa, ba da jimawa ba ya daidaita da ɗumin jiki. Na sanyi ma haka, saboda haka ba shi da damar daskarar da kome, ba shi ke kawo teɓa ba.

Abin mamaki ma shi ne hanyar da kitse yake bi ya fita. Ba ya narkewa ya bi fitsari. Sai wutar jiki ta ƙone shi, in ya ƙone ya zama iska da ruwa. In mutum ya rage kilo 10 na kitse, fiye da kilo 8 ta numfashi yake fita, sauran ya bi gumi da fitsari. Mai tafiya kasuwa a ƙasa, da mai daka, da mai noma, suna numfashi da sauri domin wutarsu tana ci da ƙarfi.

Ruwan ɗumi ba laifi gare shi ba. Da sanyin asuba yana da daɗi, mai mura kuma yana jin sauƙin maƙogwaro in ya sha. Amma mai zafin gaske yana da haɗari. A shekarar 2016 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi gargaɗi cewa yawan shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo ciwon daji a hanyar da abinci ke bi zuwa tumbi. Shayi ko kunu ko koko, a bari ya sha iska tukuna.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗin mutane, shi ne sikeli. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. In saurayi ya hau sikeli da safe, ya tafi gona ya yi gumi har azahar, ya sake hawa, zai iya ganin ya ragu da kilo guda ko fiye. Ruwa ne ya fita, kitse yana nan. Da ya koma gida ya kafa kai a moɗa, nauyinsa ya dawo. Fiye da rabin nauyin jikin mutum ruwa ne, shi ya sa sikeli yake hawa yana sauka a yini guda.

Duk da haka ruwa yana taimakon wanda ƙiba ta yi masa yawa, ƙiba mai yawa kuwa takan jawo hawan jini da ciwon sukari. Ruwa ba shi da kalori ko ɗaya. Kwalbar lemo mai zaƙi tana da wajen 150, watau daidai da abin da lita huɗu ta ruwan ƙanƙara za ta cinye. Wanda ya ajiye lemo ya ɗauki ruwa, ya ci riba nan take. A Amurka, a shekarar 2010, an ba da labarin wani gwaji da aka yi da manyan mutane masu rage cin abinci. Waɗanda suka riƙa shan rabin lita kafin kowane abinci sun fi sauran raguwa da wajen kilo 2 cikin mako 12, domin ruwan yana tare wuri a ciki, ba don zafinsa ko sanyinsa ba. Wannan magana ta manya ce. Yaro mai girma ba ruwansa da neman rama, nauyinsa ƙaruwa ya kamata ya riƙa yi kowace shekara.

A gaskiya ma, a ƙauyukan arewacin Kano rama ta fi ƙiba ban tsoro. Daga watan Yuni zuwa Agusta aiki ya fi yawa, ga shuka, ga noman fari, ga maimai, a daidai lokacin da hatsin bara ya yi ƙasa a rumbu, sabon gero kuwa bai nuna ba. Manoma da yawa sukan rame a wannan lokaci, su murmure da kaka. Randar gidansu ita ce dai ta bara, abin da ya sake shi ne yawan aiki da yawan tuwo. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, ruwan cikin nan kuwa abinci ake nufi.

Amma akwai ruwan da ke ramar da mutum da gaske, cikin kwana biyu ko uku. Shi ne ruwa mai ƙazanta. In ruwan sama ya wanko kashin mutane da na dabbobi ya zuba a kududdufi ko a rijiyar da ba ta da murfi, ƙwayoyin cuta sukan shiga ciki. Yaron da ya sha sai gudawa ta kama shi, wani lokaci har da amai. Ruwan jikinsa ya yi ta zuba, idonsa ya faɗa, bakinsa ya bushe, abincin da ya ci bai tsaya ya amfane shi ba. Gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a Nijeriya.

A nan ne zafin ruwa yake da amfani na gaske. In aka tafasa ruwa ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ƙwayoyin cuta sun mutu. Sanyi kuwa ba ya kashe su. Ƙanƙarar da ake kawowa daga gari da azumi, in da ruwa mai ƙazanta aka yi ta, cutar tana nan a daskare tana jira ta narke. Ruwa yana iya zama garau, da sanyi kamar na hunturu, alhali kuwa yana ɗauke da kwalara. Gaskiya ne kara da itace suna da tsada a ƙasar da kusan kowane taku gona ne, ba kowane gida zai iya tafasa ruwan mutum goma kullum ba. Amma ko ba a tafasa na kowa ba, a tafasa na ƙananan yara da na marasa lafiya, a bar shi ya huce a tulu mai murfi. Ruwan rijiyar burtsatse ya fi na buɗaɗɗiyar rijiya aminci. Randa kuma a riƙa wanke ta, a rufe ta, a rataye moɗa kada a ajiye ta a ƙasa, kada kuma mai ɗiba ya tsoma yatsunsa. Jaririn da bai kai wata shida ba, ba a ba shi ruwa ko na zafi ko na sanyi. Nonon uwa ya ishe shi ko da bazara.

Tsofaffi suna tuna kurkunu, tsutsar nan da kan fito a ƙafa ta kwantar da manomi a daidai lokacin noma. Daga ruwan tafki ake shanta. A ƙidayar 1988 an sami mutum fiye da 650,000 masu ita a Nijeriya. Aka yi ta haƙa rijiyoyi, ana koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa kurkunu ya ƙare a ƙasar. Yaran yanzu sai dai a ba su labari.

In gudawa ta kama yaro, kada a hana shi sha. A samo lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba ƙunshin gishiri da sukari irin na asibiti. In babu shi, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, kada a yi masu tozo. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya.

Mai aiki a gona kuwa, ruwan tulu da aka ajiye a gindin itace ya fi masa wanda rana ta dafa a jarka, domin mutum ya fi shan ruwa da yawa in da ɗan sanyi. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe tana kwashe zafi wajen kalori 580 daga jiki, saboda haka gumi ne babban mai sanyaya manomi, ruwan da ya sha kuwa shi ke mayar masa da gumin. Yana iya sanin ko ya sha isasshe ta launin fitsarinsa. In ya yi fari-fari, lafiya lau. In ya yi ja kamar shayi, kuma kaɗan ne, jiki yana neman ruwa. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai a rana, ya koma inuwa ya sha tun bai faɗi ba.

Gwaji

A samo kwalabe biyu iri ɗaya, a cika su da ruwa daga guga ɗaya. A naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, a bar ɗayar haka nan. A ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa yayyafa wa tsumman ruwa in ya fara bushewa. Bayan sa'a biyu a ɗanɗana ruwan kowace kwalba. A yi gwajin sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, a rubuta abin da aka gani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan randa ya fi na jarkar roba sanyi?
2. Mene ne itacen wutar jiki, mece ce kuma take hura ta?
3. In ruwan tulu yana kan digiri 25, kalori nawa jiki zai bayar kafin ya ɗumama lita 2? Ƙwayar gyaɗa nawa ke nan?
4. Me ya sa ƙanƙara take iya ɗauke da cuta?